Tabon da Gemu Ya Ɓoye

Tun asuba iska ta hana jiragen kamun kifi fita, tun asuba kuma Sunniva ta kasa zama wuri ɗaya.

Ta ɗora kofi ta manta da shi a wuta. Ta feƙe fensir goma sha biyu, ta jera su, ta dawo ta sake feƙe su har biyu suka karye. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa, alhali ba abin da ake gani sai farin kumfa yana dukan gadar jirage.

Daga banɗaki kuma sai ƙarar almakashi take ji, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Baba, me kake yi a ciki tun ɗazu?"

"Ina tono wani mutum da aka binne shekara ashirin da bakwai," in ji Oddvar daga bayan ƙofa. "Goggonki Magnhild ta ce in na zauna muku da gemun nan, tsintsiya za ku zana ba mutum ba. To, yau za ta ga fuskar da 'yan matan tsibiri uku suka yi wa kuka."

Da ya fito, Sunniva ta ɗaga kai, ta yi sauri ta mayar da idonta kan fensir.

Shekararta talatin, amma ba ta taɓa ganin haɓar mahaifinta da wayonta ba. Fatar fara sol, kamar cikin kifi. A gefen hagu kuwa, ƙarƙashin muƙamuƙi, ga tabon nan da kowa ya san labarinsa, ba wanda ya san kamanninsa.

Labarin ba wanda bai haddace shi ba a ƙauyen. Su uku suka fita a jirgin Jentoft: Jentoft mai jirgi, da Oddvar, da ƙanen Oddvar mai suna Arnt. Jirgi ya kife. Oddvar kaɗai aka tsinto washegari a kan wani dutse cikin teku, fuska a yage. Ya ce shi kaɗai ya yi iyo zuwa dutsen, dutsen ne ya yanke shi da igiyar ruwa ta maka shi a kai. Ya ce taurin kan Jentoft ne ya kashe masa ƙane. A bakin coci, ranar addu'ar mamatan, ya rantse jinin Jentoft ba zai taɓa tsallake dokin ƙofarsa ba.

Jentoft kuwa ɗa ɗaya ya bari, Eilif. Shi Sunniva take so, yau shekara biyu ke nan a ɓoye.

Oddvar ya zauna, ya jawo kofin da ya ƙone, ya kurɓa.

"Stian, yaron nan mai neman aurenki, ya nuna min takardar da zai yi zane a kai," ya ce. "Mai kauri ce, launin madara, daga Tromsø ya sa aka aiko masa. Ko cikin duhu zan gane ta."

"Baba, ka'idar ita ce ba a sanin mai zane."

"Ka'ida ta ce kada a rubuta suna. Ba ta ce in makance ba."

Ajin zanen Sunniva ce ta buɗe shi a ɗakin taron ƙauye, don ranakun da iska ke tsare mutane a tudu. Duk mako wani tsoho yake zama a zana shi. In an gama, a shimfiɗa zanen a kan dogon tebur ba suna, malama ta faɗi kuskuren kowa a gaban kowa, sannan tsohon ya zaɓi guda. Wanda aka zaɓi nasa, shi zai kai masa har gida ranar Lahadi, a ci abincin rana da shi. Tun da aka fara ba a taɓa saɓawa ba.

"Gobe Stian zai zo," in ji Oddvar. "Akwai magana a bakinsa, ni kuma na riga na ba shi amsa."

"Ai ni za a tambaya."

"Ke za a tambaya. Ni za a binne in kika ba da wata amsar." Ya dafa ƙirjinsa, daidai inda likitocin Bodø suka tsaga bara. "Yaro mai hankali, shugaba ne a wurin kiwon kifi, yana da gida mai bene, ba ya fita teku balle ki kwana kina kallon taga. Me kike nema kuma?"

"Ka san abin da nake nema."

"Ban sani ba. Kuma kada ki faɗa a kan teburin uwarki."

A ƙasar nan ba mai hana mace kamar Sunniva auren wanda ta ga dama. Ta shiga ofis, ta sa hannu, shi ke nan. Amma ita ce ta riƙe hannun mahaifiyarta a asibiti ta ce ba za ta bar tsohon nan shi kaɗai ba. Kuma ta san shi. In ta fita da Eilif, zai rufe ƙofa ya zauna a ciki har zuciyar ta tsaya, don kawai a ce bai taɓa janye magana ba. Mai ba ku labarin nan sau biyu teku tana tauna shi tana tofarwa, bai taɓa zama ajin kowa ba, amma kan halin tsofaffin gaɓar nan ba a haifi mai gyara masa ba: da su ce sun yi kuskure, gara su mutu.

Ta kwashe fensiranta ta zuba a jaka.

* * *

Eilif yana jiran ta bayan ɗakin taro, ƙarƙashin rumfunan shanya kifi. Dubban kifaye ne rataye a samansu bibbiyu, iska na kaɗa su suna gwaruwa da juna.

"Kin yi kuka," ya ce.

"Iska ce."

"Iskar nan ta daɗe tana sa ki kuka. Ni ma shekara biyu tana damuna."

Ta duba hanya, ta matso. "Ya san takardar Stian. Ita zai zaɓa. Gobe Stian zai zo da zobe, Baba yana zaune a kan tebur yana kallona."

Eilif ya dubi takalminsa.

"Mai jirgin nan na Båtsfjord ya sake kirana," ya ce. "Yana neman mutum. Na ce masa jibi zan ba shi amsa."

"Båtsfjord? Eilif, can ai ƙarshen duniya ne!"

"Shi ya sa. Ba zan iya tsayawa a gada ina sauke kifi ina kallon labulen gidan Stian ba. Sunniva, na gaji. Na gaji da gaishe ki a kanti kamar mai sayar min da tikiti. Na gaji da shiga aji da tsofaffin mata ina zana tulu da tuffa don kawai ki tsaya a bayana minti biyu ki ce inuwar ta yi yawa."

"Ai ta yi yawa."

"Na sani!"

Dariya ta kufce mata, ta koma kuka nan take. Ta kama gaban rigarsa da hannu biyu.

"Me kake so in yi? Faɗa min. In bi ka, a kira ni bayan wata uku a ce an same shi a kujera? In zauna, in auri mutumin da ke kirana 'yar lelensa a gaban ma'aikatansa? Duk inda na juya wani zan kashe. Kai ko kwana ɗaya ba ka yi da wannan nauyin ba."

"Ni kuwa na yi," ya ce a hankali. "Tun ina shekara uku nake ɗauke da sunan wanda ya kashe Arnt. Mahaifiyata har yau layin baya take zama a coci."

Sunniva ta saki rigar.

"Yi haƙuri."

"Ba komai." Ya share mata fuska da bayan hannu, don cikin hannun duk tsaga ne da gishiri. "To, malama, yau ki taimake ni. In kin zo kan nawa, ki ce ya yi kyau. Ko sau ɗaya."

"Ba zan yi maka ƙarya a gaban mutane ba."

"Haba! Shekaranjiya na zana mahaifiyata, ta duba ta ce wane limamin coci ne wannan."

"Ka zana abin da ka gani, ba abin da kake zato yana nan ba. Kullum shi nake faɗa muku. Kada ka zana ido don ka san mutum yana da ido. Ka duba."

"Babanki ko dubana ma ba zai yi ba."

"Ba shi zai duba ba. Kai za ka duba."

Ƙarar mota ta taso daga kwana. Suka rabu kamar waɗanda ba su san juna ba, ita ta bi ƙofar gaba, shi ya zagaya ta baya.

* * *

Mutum bakwai ne a ajin ranar, ban da 'yan zuwa shan kofi da ke jere jikin bango, ciki har da ni, don ba a taro a ɗakin nan ba ni. An soya waina, an yanka cuku mai ruwan ƙasa. Iska na jijjiga tagogi.

Stian ya buɗe akwatin fensirinsa mai hawa uku, ya juya shi yadda kowa zai gani.

"Sunniva, wanne kike ganin ya dace da fuskar babban mutum? Akwai guda ashirin da huɗu."

"Wanda ka iya riƙewa," ta ce.

Goggo Magnhild, yayar Oddvar, ta kwashe da dariya har ta sarƙe. Tana cikin tari ƙanen nata ya shigo, ya cire hula, ya kwance mayafin wuya.

"Kai!" in ji ta. "Wa ya fere dankalin nan?"

"Dankalin da ya fi mijinki kyau, Allah ya ji ƙansa."

Aka yi dariya. Amma Sunniva tana lura: duk wanda idonsa ya sauka gefen hagu na fuskar, sai ya kau da kai ya nemi kofinsa. Mu nan haka muke. Ba a ƙura wa ciwon mutum ido, ba a kuma tambaya.

Oddvar ya hau kujerar da aka ɗora a kan katako, ƙarƙashin fitila. Sai a lokacin ya hango Eilif a ƙarshen layi, ta hagu.

"Ɗakin nan na ƙauye ne, ba nawa ba," ya faɗa wa iska. "Kowane irin abu yana iya shigowa."

Ya juyar da kansa dama gaba ɗaya, wajen Stian, don kada ko da kuskure ya haɗa ido da ɗan Jentoft. Da haka ya miƙa wa Eilif kuncinsa na hagu, fitila na haska shi tun daga kunne har wuya.

"Minti arba'in, Baba. Kada ka motsa."

"Na yi awa goma sha huɗu a kan dutse ban motsa ba, minti arba'in ne zai gagare ni?"

Daga nan ya ɗauko labarin, kamar yadda kowa ya san zai yi. Yadda ruwan ya fi ƙanƙara sanyi. Yadda ya yi iyo da takalma a ƙafa. Yadda igiyar ruwa ta ɗaga shi sama ta maka a dutse, ya ji fuskarsa ta buɗe, bai ko ce wash ba. Yadda likitan da ya ɗinke shi ya ce bai taɓa ganin mutum mai ƙarfin rai irinsa ba.

"Bara awa goma sha biyu ce," in ji Magnhild.

"Ki yi zanenki, tsohuwa."

Sunniva tana zagaya bayan ɗalibai, ta kasa tsayawa a bayan kowa. Ta duba agogo, ta gyara labule, ta sake duba agogo. Stian yana aiki cikin natsuwa, yana hure takarda, yana murmushi. Ta isa ƙarshen layi sau uku tana juyowa.

A karo na huɗu ta ji ƙas. Bakin fensirin Eilif ya karye.

Ba ya zane. Ya ƙura wa wuyan mahaifinta ido, bakinsa a ɗan buɗe, fuskarsa ba jini. Ta ajiye masa wani fensirin a gefen hannu, bai ko san ta zo ba. Can ya ɗauka, ya sunkuya, ya ci gaba, yana dannawa kamar mai sassaƙa itace.

* * *

Aka shimfiɗa zane bakwai a dogon tebur. Kowa ya taso da kofinsa.

Sunniva ta fara daga dama. Wannan hancin ya yi tsawo. Wannan an ji tsoron inuwa, fuskar ta zama faranti. Na Magnhild kowa ya gane shi, don ta ba ƙanenta kunnuwan jaki, ta kuma rantse haka ta gani.

Ta zo kan takarda mai launin madara.

Gaskiya zane ne mai tsabta. Layi sumul, gashi a kwance, ido na ƙyalli. An rage wa Oddvar shekara ashirin, an cike masa kumatu. Wuyan kuwa sumul kamar na jariri.

"Yauwa!" in ji Oddvar, ya buga tebur. "Ga mutum! Magnhild, zo ki ga abin da nake faɗa miki. Wanda ya yi wannan ya san darajar manya."

Stian ya sunkuyar da kai yana gyara fensiransa.

"Hannun yana da kyau," in ji Sunniva. "Amma mai zanen bai dubi wanda ke kan kujera ba. Abin da zai faranta masa rai ya zana. In aka kai wannan kanti aka ce a nemo mai fuskar, ba wanda za a kawo."

"Malama ta tashi da faɗa yau," in ji Stian yana dariyar yaƙe.

"Ke dai faɗi naki," in ji Oddvar. "Zaɓi nawa ne."

Saura ɗaya. Takarda ce ta littafin makaranta, gefenta ya naɗe, ga shatin babban yatsa baƙi ƙirin a kusurwa. Sunniva ta so ta ce ya yi kyau. Ta buɗe baki da niyyar faɗin haka, ta tuna abin da ta ce ƙarƙashin rumfar kifi.

"Idanun sun hau sama da yawa," ta ce. "Kuskuren duk sabon hannu ne, an manta ido a tsakiyar kai yake. Kunnen ya yi ƙanƙanta. An murje inuwa da yatsa, yatsan kuma da mai, ya ɓata takardar. An danna fensir har ya kusa huda ta."

"A ce dai an zana gwaggon biri," in ji Oddvar. Aka yi dariya, ban da mutum biyu.

"Amma akwai wuri ɗaya da aka duba da gaske."

Ba ta nuna ba, kowa ya gani. Cikin zane bakwai, shi kaɗai ne ke da tabon. Sauran duk sun yi kara, wani ya rufe da inuwa, wani ya ja ɗan layi ya wuce. Wannan kuwa ya bi shi dalla-dalla.

"Bari mu juya shi," in ji Sunniva.

Haka take yi wa kowane zane da ke da gardama. In aka kifa shi, kai ƙasa wuya sama, ido yana daina ganin mutum, sai siffa kawai, kuskure ya fito fili. Ta kama takardar ta juya.

Fuskar ta ɓace. Abin da ya rage shi ne wani abu mai kumburi, kai a ƙasa, da alama guda a jikinsa: rami zagayayye, gefensa a lotse ciki, daga ramin kuma tsaga ɗaya miƙaƙƙiya, mai faɗi a farko, siririya a ƙarshe.

Magnhild ta yi shekara arba'in tana yanke kan kifi a gada. Ta matso da tabarau, ta ajiye kofinta a hankali.

"Wannan ai ƙugiya ce," ta ce.

Ta juyo wajen ƙanenta.

"Oddvar, wannan ƙugiya ce. Dutse ba ya huda rami. Dutse kurje yake yi, ya farfasa. Wannan an caka ne aka ja."

Kifin da na caka da hannuna ya fi mutanen Oslo yawa, kuma ina gaya muku ba mutum ɗaya a ɗakin nan da bai gane ba. Sandar nan mai ƙugiyar ƙarfe da muke caka wa babban kifi a ƙarƙashin kai mu jawo shi cikin jirgi, alamarta ɗaya ce tak. Kullum muna ganin ta sau ɗari. A fuskar mutum ce kawai ba mu taɓa dubawa ba.

Ƙugiya kuwa ba ta caka kanta. Sai wani ya riƙe sandar, yana sama, kai kana cikin ruwa.

Oddvar ya kai hannu wuyansa, inda gemu yake da safe. Bai sami abin kamawa ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Baba, ba a faɗin..."

"Na ce wa ya yi!"

"Ni ne," in ji Eilif.

Tsohon ya juyo. Shekara ashirin da bakwai, ranar ce ya fara duban yaron ido cikin ido.

"Wa ya gaya maka? Uwarka?"

"Mahaifiyata ba ta san komai ba sai abin da ka faɗa a bakin coci. Ba wanda ya gaya min. Malama ta ce in zana abin da na gani." "Na so in rufe shi da inuwa kamar kowa. Hannuna ya ƙi."

Stian ya yi gyaran murya. "Oddvar, kada ka biye wa zanen ɗan koyo. Mutumin da bai san inda ido yake ba, ina zai san tabo? Zaɓi naka mu sha kofi."

"Rufe min baki, Stian," in ji Magnhild, ba ta ko dube shi ba. Hawaye na bin kumatunta. "Arnt ƙanena ne ni ma. Oddvar, wa ya riƙe sandar?"

Sunniva ta ga launin fuskar mahaifinta ya sauya, ta ga hannunsa ya nufi ƙirji. Ta zabura ta riƙe shi.

"Baba, zauna. Ba sai ka ce komai ba. Don Allah zauna, ina maganinka?"

Ya zame hannunsa daga nata, ba da faɗa ba. Ya dafa tebur. Iska ta sake jijjiga tagogi, ya tsaya kamar yana sauraron ta.

"Jentoft ne. Shi ya riga ni hawa dutsen," ya ce. Muryar ba irin ta mai ba da labari ba ce, ƙarama ce. "Sandar na hannunsa, ban san yadda aka yi bai sake ta ba. Na nutse sau biyu. A na uku ya caka inda ya samu, ya jawo ni kamar kifi."

A ɗakin ba mai motsi.

"Muka ji Arnt yana kira. Na ce ba zan iya ba. Ƙanena ne, na ce ba zan iya ba. Jentoft ne ya cire takalma ya koma ruwa. Bai dawo ba."

Magnhild ta toshe bakinta da hannu. Eilif yana tsaye ƙiƙam, fensir a hannu, hawaye na ɗiga daga haɓarsa bai sani ba. Sunniva ta rasa wanda za ta riƙe a cikinsu. Ta yi taku ɗaya wajen Eilif, ta tsaya, ta waiwayi mahaifinta.

Oddvar ya miƙe tsaye sosai. Ya bi teburin da kallo tun daga farko, ya wuce faranti, ya wuce kunnuwan jaki. A kan takarda mai launin madara ya ɗan dakata. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ta littafin makaranta, ya juya ta daidai, ya riƙe nesa da ido.

"Kunnen nan ba nawa ba ne," ya ce. "Idanun kuma ka ji abin da malama ta faɗa. Ban taɓa ganin mummunan zane irin wannan ba, kuma na je har Bergen."

Ya miƙa wa Eilif.

"Ka gyara kafin gobe. Wuyan kada ka taɓa shi."

Eilif ya karɓa da hannu biyu. Stian ya rufe akwatinsa hawa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki rigarsa, ba wanda ya tsayar da shi.

"Baba," in ji Sunniva, "gobe... a gida?"

"Ke kika kafa ka'idar, ni za ki tambaya?" Ya naɗa mayafinsa a wuya, ya sa hula, ya nufi ƙofa. Da ya kama mariƙin, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

"Ƙarfe ɗaya, ɗan Jentoft. Ta ƙofar gaba." Ya ja numfashi. "Ka zo da mahaifiyarka. Ita ya kamata ta fara ji, ba waɗannan 'yan shan kofin ba. In ta ƙi zuwa, ka dawo ka faɗa min, ni in taka in je."

Ya buɗe ƙofa, iska ta shigo ta watsar da zane shida a ƙasa. Na bakwai yana ƙirjin Eilif, ya danne shi da hannu biyu.

Sunniva ta zari rigarta ta bi mahaifinta da gudu. A bakin ƙofa ta juyo, fuska jiƙe, ta nuna tsakiyar kanta da yatsa.

"Idanun," ta ce. "Ka sauko da su ƙasa."